Hayaƙi a Zauren Horo: Tarihin Malamin Faɗa da Karan Sigarinsa

Gabatarwa

Hausawa na da wata magana da suke kawowa duk lokacin da halin mai ilimi ya saɓa da karatunsa: a bi faɗar malam, a bar aikin malam. Maganar ta yi wa al'umma amfani, domin ta hana a zubar da ilimi saboda raunin wanda ke ɗauke da shi. Sai dai akwai wani irin malami da nake ganin wannan magana ba ta isa ta suturta shi ba, wato malamin dabarun faɗa da kare kai, irin su judo da karate da kungfu da takwando. Wannan malami bai cika karantarwa da baki ba. Almajirinsa yana kallon yadda ya dasa ƙafa, da yadda ya ja numfashi, da yadda ya sunkuyar da kai wajen gaisuwa, sannan ya maimaita har abin ya zauna masa a jiki. To idan aka tashi daga horo, malam ya zaro kwalin sigari ya ƙyasta ashana a gaban yaran, ina faɗar malam ta tsaya, ina kuma aikinsa ya fara?

Wannan maƙala za ta bi tambayar ta hanyar tarihi, a ƙasashen Japan da Sin inda waɗannan dabaru suka girma. Abin da nake son nunawa shi ne tambayar kanta tana da ranar haihuwa. Sai da abubuwa biyu suka sauya kafin ta zama abin yi: matsayin malamin faɗa a cikin al'umma, da kuma abin da duniya ta sani game da taba. Wanda bai bi sawun waɗannan sauye-sauye ba, ko dai ya zalunci malaman jiya, ko kuma ya yi wa na yau sassaucin da bai kamace su ba.

Lokacin da Taba ke da Mutunci

Taba 'yar asalin nahiyar Amurka ce. Jiragen ruwan Turawan Fotugal da Sifaniya ne suka kai ta gabashin Asiya a ƙarshen ƙarni na 16, ta shiga Japan, ta kuma shiga Sin ta gaɓar lardin Fujian. Masu mulki sun yi ƙoƙarin tare ta. Gwamnatin sojan Tokugawa ta Japan ta hana ta sau da dama a farkon ƙarni na 17, saboda tsoron gobara da kuma cinye gonakin shinkafa. Sarki Chongzhen na Sin ya kafa mata doka mai tsanani a ƙarshen shekarun 1630, amma ba a jima ba aka sassauta, domin sojojin da ke tsaron iyakar arewa sun kasa rabuwa da ita. Hasali ma wani babban likitan Sin na wancan zamani, Zhang Jiebin, ya rubuta cewa wata rundunar da ke shan taba ce kaɗai ta tsira daga zazzaɓin da ya kwantar da sojoji a yankin Yunnan. Ke nan tun farkon zuwanta an ɗaura wa taba aure da mayaƙa, an kuma ba ta sunan magani.

A Japan ta zamanin Edo, lofen da ake kira kiseru ya zama kayan ado na maza. Wasu 'yan tauri na birane ma sukan ƙera shi da ƙarfe, dogo mai nauyi, su soke shi a ɗamara, idan rigima ta tashi ya zama makami. Ko a ƙasashen Musulmi malamai sun daɗe suna jayayya a kanta. Shahararren malamin Tumbutu, Ahmad Baba, ya ba da fatawar halaccinta a 1607, wasu kuma suka haramta. Muhawarar ta kasance a kan maye da wari da almubazzaranci, domin babu wanda ya san abin da hayaƙin ke yi wa huhu bayan shekara talatin.

Shi kuwa malamin faɗa na wancan lokaci mai sana'a ne, kamar maƙeri ko magini. Ana zuwa wurinsa a koyi yadda ake kayar da abokin gaba ko sare shi da takobi. Idan ya iya wannan, ya cika aikinsa.

Daga Sana'a zuwa Tarbiyya

Sauyi na farko ya zo ne bayan juyin Meiji na 1868. Sabuwar gwamnati ta rushe gatan mayaƙan samurai, a 1876 kuma ta hana su yawo da takobi. Malaman jujutsu, wato tsohuwar dabarar kokawa da murɗe gaɓɓai, suka rasa iyayen gida. Wasu suka koma wasan nuna bajinta don a biya, wasu suka kama ɗori. Fukuda Hachinosuke, malamin farko na Jigoro Kano, da ɗorin karaya yake ci.

Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi kama da na birnin Dabo ba tare da wata alaƙa ba, shi ya ceto wannan fasaha ta hanyar sauya mata manufa. A 1882, bai wuce shekara 22 ba, ya buɗe makarantar Kodokan a wani ɗaki na haikalin Eishoji da ke Tokyo, da ɗalibai tara. Ya cire kalmar jutsu mai ma'anar dabara, ya sa do mai ma'anar hanya ko tafarki. Ya ce judo horon jiki ne da na hankali da na ɗabi'a, ya kuma gina shi a kan ginshiƙai biyu: amfani da ƙarfi ta hanya mafi dacewa, da cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin mutane. Kano malamin makaranta ne, ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo fiye da shekara 20, don haka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A 1911 aka amince a koyar da judo da wasan takobi a makarantun sakandare.

Karate ma ta bi wannan hanya. A tsibirin Okinawa, Anko Itosu ya shigar da ita makarantu a farkon ƙarni na 20. Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamare, ya kai ta Tokyo a 1922, yana nanata cewa gyaran hali ne babban burinta. Takwando, wadda ta sami sunanta a Koriya a 1955, ta zo da jerin ɗabi'u biyar da ɗalibai ke haddacewa, kamun kai na cikinsu.

A ƙasar Sin lamarin ya fi zafi, domin hayaƙi ya riga ya zama ciwon ƙasa. A watan Yuni na 1839 jami'in sarki Lin Zexu ya lalata fiye da akwati 20,000 na ofiyam, wato ƙwayar maye da 'yan kasuwar Ingila ke shigowa da ita ana zuƙa a lofe. Yaƙin da ya biyo baya ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda ta miƙa Hong Kong ga Ingila. Daga baya aka riƙa yi wa ƙasar gorin cewa ita ce majinyaciyar gabashin Asiya. Ƙungiyar Jingwu da aka kafa a Shanghai a 1910, wadda ake jingina ta ga gwanin faɗa Huo Yuanjia, ta tashi ne don goge wannan gori. Ta fito da kungfu daga zaurukan sirri zuwa bainar jama'a, da manufar gina jiki da hankali da ɗabi'a tare.

Abin lura shi ne babu wanda ya tilasta wa malaman faɗa wannan rawani. Su suka neme shi, kuma da shi suka sami shiga makarantu, da kuɗin gwamnati, da amincewar iyaye. Tun daga ranar da malamin faɗa ya ce tarbiyya yake bayarwa, ya sa halinsa cikin manhajar da yake koyarwa.

Gwamnati Mai Hani, Gwamnati Mai Talla

A daidai lokacin da Kano ke buɗe makarantarsa, wani abu na faruwa a Amurka. A 1881 James Bonsack ya yi rajistar injin da ke naɗe sigari kusan 120,000 a yini. Sigari ta yi arha, ta fi lofe sauƙin ɗauka, hayaƙinta kuma ya fi shiga can cikin huhu. Kamfanin British American Tobacco, wanda aka kafa a 1902, ya mayar da Sin ɗaya daga manyan kasuwanninsa. A idon mutane da yawa a can, sigari alama ce ta wayewa, kuma abu mai tsabta idan aka gwada ta da ofiyam.

Japan ta yi abu biyu masu karo da juna. A 1900 majalisarta ta amince da dokar da ɗan majalisa Sho Nemoto ya gabatar, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 20 shan taba, saboda fargabar kada samari su lalace kafin su isa aikin soja. Hikimar dokar ita ce yaro kayan shan kawai ake ƙwace masa, tara kuwa tana kan uban da ya gani ya yi shiru da mai shagon da ya sayar. Amma a 1904 gwamnatin ta karɓe harkar taba baki ɗaya domin ta sami kuɗin yaƙi da Rasha, ta kuma riƙe ta har 1985. Akwai ma sigari mai tambarin fadar sarki da ake ba sojoji da manyan baƙi kyautar girmamawa, ba a daina ba sai 2006. A 1966 kashi 83.7 cikin 100 na mazan Japan suna shan sigari. A al'ummar da maza huɗu cikin biyar ke zuƙa, malamin da ke shan taba bai fita daban ba. Wanda ba ya sha ne abin kallo.

Ip Man da Almajirinsa

Babu misalin da ya fi fito da wannan tarihi kamar Ip Man, wanda ni da tsararrakina muka sani ta finafinan da Donnie Yen ya fara fitowa a cikinsu a 2008. An haife shi a Foshan a 1893, ya yi aikin ɗan sanda, ya koma Hong Kong a 1949 lokacin da 'yan gurguzu suka karɓi mulki. A 1950 ya fara koyar da salon kungfu da ake kira Wing Chun ga ma'aikatan gidajen abinci. Mutum ne siriri mai sanyin magana, kuma an san shi da yawan shan sigari. A tsakiyar shekarun 1950 wani matashi mai rawar kai, Bruce Lee, ya shigo zaurensa.

Ip Man ya rasu ranar 2 ga Disamba, 1972, da ciwon dajin maƙogwaro, yana da shekara 79. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa, cuta ta ci jikinsa, ya tashi ya sa aka ɗauki hotonsa na fim yana nuna salon da ya koyar, domin kada a gurɓata shi bayan ransa. Wannan aiki ne na malamin da ya damu da amanar iliminsa har zuwa bakin kabari.

Masu kare malami mai shan taba suna samun hujjoji biyu a nan. Ta farko, sigari ba ta rage masa gwaninta ba, kuma ta hannun almajiransa Wing Chun ta zagaya duniya. Ta biyu, Bruce Lee ya ɗauki faɗan ya bar hayaƙin, domin an san shi da guje wa sigari da giya, ko da yake binciken gawarsa bayan rasuwarsa ranar 20 ga Yuli, 1973, ya nuna alamar wiwi a jikinsa. Hujjojin suna da nauyi, kuma zan dawo kansu. Amma akwai ta uku wadda ta fi su ƙarfi, ita ce ta lokaci. Ip Man ya saba da taba tun zamanin da babu wani bincike da ya tabbatar da illarta. A 1946 kamfanin sigarin Camel yana talla a Amurka da cewa likitoci sun fi son tasa. Ba a tuhumar mutum da saɓa wa ilimin da bai riga ya iso ba.

Shekarun da Uzuri ya Ƙare

Sauyi na biyu ya fara ne a shekarar da Ip Man ya fara koyarwa. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da suka yi a asibitocin Landan, wanda ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin sigari da ciwon dajin huhu. Ernst Wynder da Evarts Graham sun fitar da irinsa a Amurka a wannan shekara. Doll da farko hayaƙin motoci da kwaltar tituna yake zargi. Da alƙaluma suka nuna masa gaskiya, sai ya ajiye tasa sigarin. A 1951 shi da Hill suka fara bibiyar dubban likitocin Birtaniya, kuma sakamakon shekara 50 da aka fitar a 2004 ya nuna cewa mai shan sigari tsawon rayuwarsa yana asarar kimanin shekara 10. Likitocin kansu suna cikin waɗanda suka fara dainawa, kuma ganin haka ya taimaka wajen shawo kan jama'a.

Shekarar 1964 ce mahaɗar labaran biyu. Ranar 11 ga Janairu babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar sigari na haddasa ciwon dajin huhu. A watan Oktoba kuma judo ta shiga gasar Olamfik karon farko, a Tokyo. Duk da haka, wata sigari ta musamman da aka sa wa sunan gasar ta tara wa masu shiryawa fiye da dalar Amurka miliyan 1. Sai a gasar hunturu ta Calgary a 1988 aka fara gudanar da Olamfik da ta hana shan taba a wuraren wasa. Tsakanin sani da aiki da sani an ɗauki shekara 24.

Hujjar da ta rage ita ce mai sha kansa kawai yake cuta. Ita ma wani ɗan Japan ne ya rushe ta. A 1981 Takeshi Hirayama ya wallafa sakamakon bibiyar mata fiye da 90,000 waɗanda ba sa shan taba, ya nuna cewa matan mashaya sun fi kamuwa da dajin huhu. Daga nan hayaƙin malam ya tashi daga sirrinsa ya zama abin da ke shiga ƙirjin wanda ke tsaye kusa da shi. A 2003 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar da ke ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara.

Hukunci

Yanzu sai in koma ga hujjojin masu kare malam. Gaskiya ne gwaninta ba ta ɓacewa saboda kara ɗaya. Amma iskar guba da ke cikin hayaƙin tana kama jini fiye da sau 200 a kan iskar da jiki ke buƙata, wato tana cin numfashin da malam ke cewa shi ne tushen fasahar. Shekara 79 na Ip Man ba ta ƙaryata lissafin Doll, domin lissafi a kan jama'a ake yin sa, kuma ciwon da ya ɗauke shi yana cikin waɗanda taba ke jawowa.

Gaskiya ne kuma Bruce Lee ya tace abin da zai ɗauka. Sai dai ba a gina tarbiyya a kan yaro ɗaya da ya fita zakka. Rahoton babban likitan Amurka na 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na mashaya a can sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kuma waɗannan su ne shekarun da zaurukan horo ke cika. Tun 2012 ma Japan ta wajabta darasin dabarun faɗa na gargajiya a ƙananan sakandare. Yaron da aka koya wa ya kwaikwayi malam ba tare da musu ba, ya durƙusa masa, ya karɓi ɗamara daga hannunsa, ba shi da wata alama da za ta ce masa kwaikwayo ya ƙare a bakin ƙofa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Maganar ta shafe mu, domin waɗannan wasanni sun daɗe da zama namu. Finafinan Bruce Lee sun cika gidajen silima na Kano da Kaduna a shekarun 1970 da 1980. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a takwando a Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma doka ba ta bin yaro zuwa filin horo. A can idon malam ne hukuma.

Ba ina cewa a kori duk malamin da taba ta kama ba. Sinadarin nikotin yana da ɗaurin da mai ƙarfin zuciya ma ke shan wuya kafin ya kwance, kuma sau da yawa irin wannan malami shi ne ya janye yara daga bakin titi. Abin da tarihi ya ɗora masa ya fi sauƙin faɗa: kada ya sha a gabansu, kada ya aiki yaro sayo masa, kada ya mayar da abin wasa ko alamar jarumta. Idan suka tambaye shi, ya gaya musu gaskiya cewa abokin karawa ne da ya kayar da shi, kuma har yanzu yana neman yadda zai tashi.

Kammalawa

Malamin ƙarni na 17 ya riƙe lofe yana ganin magani ne, kuma bai yi wa kowa alkawarin tarbiyya ba. Malamin zamanin Ip Man ya yi alkawarin, amma ilimin illar taba ya iske shi da furfura. Na yau ya gaji alkawarin Kano da Funakoshi, ya kuma gaji alƙaluman Doll da Hirayama, saboda haka uzurin magabatansa biyu ya kuɓuce masa. Amsata ga tambayar ita ce e, malamin faɗa da ke shan sigari a idon almajiransa yana kafa mummunan misali, kuma nauyin laifin ya ƙaru ne gwargwadon yadda sani ya ƙaru. Mai dokar barci bai kamata ya ɓige da gyangyaɗi ba, balle a zauren da aikin malam shi ne faɗarsa.